Idan Makaniki Zai Iya Gyara Shi, Ba Mu Rubuta Komai Ba



A wannan makon za mu taɓo wani rubutu da da yawanmu ke yi wa kallon wasan yara, wato labaran da masu sha'awar wani fim ko littafi ke rubutawa da kansu, su ɗauko taurarin da wani ya ƙirƙira su ɗora musu sabon labari. A intanet ana ce masa fanfik, mu kuwa bari mu kira shi labarin ɗori. A cikinsa ma mun zaɓi wanda aka fi rainawa: na mutum-mutumin ƙarfe masu gwabzawa da juna, irin su Optimus Prime da Megatron na Transformers.

Masu raina shi hujja biyu suke kawowa. Ta farko, wai aro ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Wannan ba za ta ci mana lokaci ba. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai ya zuba a Magana Jari Ce, har yau ba mu ji wanda ya ce littafin ba nasa ba ne. Abin tambaya shi ne me ka yi da abin da ka aro. Hujja ta biyu ita ce mai nauyi: ƙarfe ba ya jini, ba ya jin zafi, to me zai sa mai karatu ya damu? A nan suna da gaskiya, kuma a cikin gaskiyar tasu darasinmu yake.

Mutum-mutumi idan aka fizge masa hannu, gobe a ɗaura wani. Idan aka huda masa ƙirji, a yi walda. Don haka marubucin da ya jingina labarinsa da ɓarnar jiki kaɗai ya faɗi tun bai fara ba. Za ka ga shafi biyar ana lissafa bindigogi da rokoki, gini ya rushe, gada ta karye, amma babi na gaba kowa ya fito garau kamar ba a yi ba. Kada mu yi musu dariya, domin cutar tana gidanmu. Littattafan yaƙi nawa muka karanta, ko muka rubuta, inda jarumi ke sara da suka tun hantsi har faɗuwar rana, ya karkashe dakaru dubu, ya koma fada ya ci tuwo? Jaruminmu na nama ne, amma mun rubuta shi kamar ƙarfe.

Labarin ɗori mai kyau yana farawa ne daga tambaya guda: a wannan faɗan, mene ne zai lalace wanda makaniki ba zai iya gyarawa ba?

Mu duba tarihin Transformers ɗin kansa. Zanen ya fara fita a talabijin a Amurka a 1984, kuma manufarsa a fili take: kamfanin Hasbro na son sayar da kayan wasan yara da ya samo daga kamfanin Takara na Japan. Ana ta harbe-harbe, kowa na tashi. A fim ɗin 1986 sai aka kashe Optimus Prime bayan karawarsa da Megatron, jikinsa ya koma ruwan toka a gaban mabiyansa. Dalilin kamfani kasuwanci ne, ana son kawar da tsofaffin kayan wasa a shigo da sababbi. Amma yara suka yi kuka, iyaye suka yi ƙorafi, har aka dawo da shi a 1987. Abin da ya sa su kuka shi ne sun ɗauke shi uba, kuma a karon farko duka ya bar tabo.

Wanda ya fi nuna mana hanya shi ne James Roberts. Da labarin ɗori ya fara: a 2001 ya fitar da wani dogon littafi na Transformers mai suna Eugenesis, ba da izinin kowa ba, don sha'awa kawai. Daga baya kamfanin IDW mai buga littattafan zane ya ɗauke shi, kuma daga 2012 zuwa 2016 shi ne ya rubuta jerin More Than Meets the Eye. Mu lura da abin da ya yi da taurarin aro. A hannunsa Megatron ma'aikacin haƙar ma'adinai ne mai rubuce-rubuce, wanda da farko yake ganin za a iya sauya zalunci ba tare da zubar da jini ba, har ranar da aka kulle shi, wani ɗan sanda mai suna Whirl ya lakaɗa masa duka a ɗakin tsaro. Shi kuma Whirl asalinsa mai haɗa agogo ne. Daga baya mahukunta suka cire masa fuska da hannaye, suka sa masa ido ɗaya da wasu ƙarafa kamar na ƙaguwa. Ka ga mai sana'ar yatsu an raba shi da yatsu. Daga nan duk inda Whirl ya afka faɗa kamar mahaukaci, mai karatu ya san daga inda haukan ya fito. Haka kuma lokacin da Roberts ya sa Megatron ya tuba bayan yaƙin miliyoyin shekaru, ya zauna a jirgi ɗaya da waɗanda ya kashe wa 'yan uwa, zaman teburi ɗaya ya fi kowace arangama tsanani.

Wani zai ce: masu karatu faɗa suka zo gani, ku bar mu da wa'azi. Mun yarda, kuma ba mu ce a rage faɗa ba. Cewa muka yi a ba shi aiki. A filin dambe ma, ihun da ake yi idan aka kayar da wanda ba a sani ba daban yake da wanda ake yi idan shagon wani gari ya kayar da wanda ya kayar da ubangidansa bara. Naushin ɗaya ne, abin da ke bayansa ne ya bambanta. Faɗan da zai tsaya a zuciya shi ne wanda ke yanke wani hukunci: amana ta ƙare, ƙarya ta tonu, matsoraci ya tsaya, ko mai gaskiya ya aikata abin da zai hana shi barci.

Ga kuma wata riba da labarin ɗori ke ba mai koyo. Mai karatu ya riga ya san taurarin da duniyarsu, ba sai mun ɓata babi uku muna gabatarwa ba. Abin da ya rage mana shi ne gurbin da masu fim suka tsallake: daren da ya biyo bayan yaƙi, likitan da aka kawo wa abokin gaba ya gyara, ƙaramin soja da aka ba umarnin harbin tsohon amininsa. A irin waɗannan gurabe ake koyon rubutu. Sai dai mu tuna taurarin na masu su ne. Fagen atisaye ne, a rubuta a raba kyauta, ba a kai shi kasuwa.

Saboda haka ga gwajin da muke so kowa ya yi kafin mako mai zuwa, ko mutum-mutumi yake rubutawa ko mayaƙan takobi ko rigimar kishiyoyi. Mu ɗauko fitowar faɗa guda daga rubutunmu, mu cire ta ɗungurungum, mu karanta babin da ke gabanta da wanda ke bayanta. Idan labarin ya tafi sumul ba a ji an rasa komai ba, to wannan faɗan hayaniya ce kawai. Sai mu koma mu tambayi kanmu: wa ya shiga faɗan nan da wani abu a hannu ya fito babu shi? Idan mun samu amsa, mu sake rubuta fitowar a kan wannan asarar.

Wanda ya gwada ya kawo mana abin da ya gani. Wanda kuma yake ganin mun yi kuskure, ƙofa a buɗe take, amma ya zo da misali.

Allah ya ƙara mana basira.