Wane Ne Jahilin? Kira ga Ƴan Bokon Magarya da Dungas

A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. An yi murna, kuma murnar ta dace. Sai dai akwai tambayar da masu murnar ba su yi wa kansu ba: a cikinmu ƴan boko, mutum nawa ne zai iya karanta wasiƙar da kakansa ya rubuta da wannan Hausar? Daga Magarya zuwa Dungas, a zaurukan malamai da akwatunan gado, akwai wasiƙu da takardun bashi da na rabon gado da waƙoƙin wa'azi, duk da ajami. Jikokin masu su sun yi lakwal, sun iya Faransanci, amma in an miƙa musu takardar sai su mayar, har su riƙa kiran mai karanta ta jahili.

Wannan suna ba a wurinsa ya sauka ba. An daɗe ana rubutu a ƙasar Damagaram kafin Faransawa su ci Zinder a 1899. Marigayi Bubu Hama ya gane haka, shi ya sa ya tattara littattafan da suka zama tushen sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai. To, Yamai da nisa, gara kuwa ba ta jiran masana. Kowace damina sai ta ci rabonta, kowane tsohon da ya rasu sai ya tafi da hanyar karanta abin da ya bari.

Masu gardama suna cewa ajami ba shi da ƙa'ida, kowane malami da hannunsa. Da gaskiya a maganar, amma ba ta isa uzuri ba. Bokon ma sai da aka yi masa zama, irin taron Bamako na 1966, kuma har yau Nijar da Nijeriya ba su rubuta harafin ƴ iri ɗaya. Wasu kuma suna cewa aikin ƙwararru ne. Wannan ce maganar da ta fi cutarwa, domin ita ke ba mutum damar naɗe hannu.

Farawa ba ta da wuya ga wanda ya taɓa riƙe allo. Rubutunmu na Warashu ne: fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, wasalin e kuma da ɗigo mai kauri a ƙarƙashin harafi ake nuna shi. A fara da waƙar da aka riga aka sani da ka, domin kunne ya ja ido. Daga nan a koma ga wasiƙu, waɗanda gaisuwarsu kusan iri ɗaya ce. A zauna gaban alaramma da ladabi, a karanta a bayyane ya gyara, a kwafi shafi ɗaya a mako da boko. A ɗauki hoton takarda da waya da izinin mai ita, a bar masa abinsa.

Sa'a guda bayan La'asar ta isa. Wanda ya ce yana kishin Hausa, ga inda za a gwada shi: ya buɗe akwatin gidansu, ya nemi mai koya masa tun yana raye.