Tambarin Iyaka Ba Takardar Zama Ba Ne

Ƴan uwa ƴan kasuwa maza da mata, da wuya a samu gida a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Ƙonni wanda ba shi da wani nasa a Akara, Kumasi, Lome, Kwatano ko Abijan. Wasu albasar Galmi ta kai su, wasu dabbobi, wasu atamfa da kayan koli. Da yawansu sun kwashi mata da yara, sun kama haya, sun buɗe shago, shekaru sun yi ta wucewa. Amma in ka ce su nuna takardar da ta ba su izinin zama, abin da za su fito da shi shi ne fasfo ko katin ɗan ƙasa, da tambarin da jami'in iyaka ya buga ranar shiga.

Idan wa'adin tambarin ya kusa cika, dabarar sananniya ce. Mai gida ya shiga mota daga Akara zuwa Aflawo, ya taka ƙasar Togo, ya sha ruwa, ya juyo a buga masa sabo. Bayan wata uku a sake. Mu a ganinmu wannan hanya ba mai ɓullewa ba ce, kuma lokacin barinta ya yi.

Mu fara da abin da doka ta ce. Yarjejeniyar zirga-zirga ta CEDEAO, wadda aka sa wa hannu a Dakar ranar 29 ga Mayu 1979, ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, muddin yana da takardar tafiya mai kyau da katin rigakafi. Sai dai ta ƙayyade kwana 90. Wanda yake son ya wuce haka, wajibi ne ya nemi izini wurin hukumomin ƙasar. Zancen zama kuwa wata yarjejeniya ce daban, ta 1986, kuma ita ma da takardarta. A 2014 shugabannin ƙungiyar sun amince a soke takardar zama tsakanin ƴan ƙasashensu, amma ba kowace ƙasa ta aiwatar ba. Ke nan an yafe mana biza ne domin ziyara da fatauci. Mai shago da iyali ya wuce matsayin mai ziyara.

Haɗarin farko yana bakin iyakar kanta. Ita dai yarjejeniyar ta 1979 ta bar wa kowace ƙasa ikon hana shiga ga wanda dokarta ba ta yarda da shi ba. Jami'in da ya buɗe fasfo ya ga tambari bisa tambari, fita da shiga rana guda, ya san cewa wannan mazauni ne. In ya ga dama ya buga, in ya ga dama ya ƙi, in kuma marar tsoron Allah ne ya miƙo hannu. Ranar da ya ƙi, mai gida yana wannan gefe, mata da yara da shago suna wancan.

Na biyu, iyaka ƙofa ce, ana rufe ta ba tare da an yi shawara da kowa ba. Najeriya ta rufe nata daga Agusta 2019 har Disamba 2020. A Maris 2020 annobar korona ta sa kusan kowace ƙasa ta garƙame nata. Bayan 26 ga Yuli 2023 mun ga yadda Ɗan Isa, Ƙonni da gadar Gaya suka koma, sai a Maris 2024 aka buɗe tsakaninmu da Najeriya. Wanda zamansa ya dogara ga tsallaka iyaka kowane wata uku, ina zai nufa a irin wannan rana? Yana kwance a ɗakinsa wa'adi zai cika, ya wayi gari mai laifi.

Na uku, nauyin yana faɗawa ne kan waɗanda ba su da bakin magana. Sau da yawa mai gida kaɗai ke zuwa sabunta tambari, uwargida kuwa tun shigarta ba ta sake ganin iyaka ba. Yaran da aka haifa can, wasu ba a yanka masu takardar haihuwa a can ba, nan gida ma ba a san da su ba. Ranar jarrabawa, ko ranar da Allah ya yi wa uban rasuwa aka zo maganar shago da kuɗin banki, ranar ake gane girman ramin. Ku lissafa kuma kuɗin mota, da na hanya, da ranakun da shago ya kwana rufe, sau huɗu a shekara. Abin da ake gudun biya sau ɗaya, ana biyansa kaɗan-kaɗan ba tare da an samu kwanciyar hankali ba.

Wannan dabara ba mu kaɗai muka san ta ba, kuma ƙasashe sun daɗe da gano ta. Turawa mazauna Tailan sun yi shekaru suna leƙa Laos ko Kambodiya su dawo, har a ƙarshen 2016 hukumomin ƙasar suka taƙaita shiga ta ƙasa ba biza zuwa sau biyu a shekara. Ƙasashen Turai na yankin Shengen kuwa lissafinsu kwana 90 ne cikin kowane kwana 180, saboda haka fita da dawowa ba ta sabunta komai. Yanzu da kwamfuta ke shiga ofisoshin iyaka a yankinmu, ana ɗaukar hoto da zanen yatsa, kada wani ya zaci za a daɗe ana rufe ido.

Sannan ga babbar magana. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso suka kammala fita daga CEDEAO. Tun a Disamba 2024 ƙawancen AES ya bayyana cewa ƴan ƙasashen CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba biza. Ita ma CEDEAO, a ranar fitar, ta nemi ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katinmu, su bar mu mu shiga mu zauna kamar da, har sai an ba da wata sanarwa. Mun yaba da wannan hankali na ɓangarorin biyu. Amma mu lura da kyau: sassauci ne na wucin gadi, kuma abin da sanarwa ta bayar, sanarwa tana iya karɓewa.

Dattawanmu ba su manta ba. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. A Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta yi haka a Najeriya, ƙasa da shekara huɗu bayan yarjejeniyar Dakar. Sau biyun duka akwai ƴan Nijar cikin waɗanda suka dawo da ƙunshi a ka, suka bar dukiya a baya. Ba ma fatan a maimaita, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kuma kada mu ga laifin kowa, domin mu ma a Janairu 2025 an kafa dokar da ta tsaurara sharuɗɗan shiga da zaman baƙi a Nijar.

Shawararmu ga mazauna ƙetare ita ce, kowa ya je ofishin jakadancinmu ya yanki katin konsila, shi da matarsa. Ya tambayi ofishin shige da fice na ƙasar da yake abin da ake buƙata don samun izinin zama, ya biya a kan teburi, ya karɓi rasit, ya guji ƴan kamasho na bakin ƙofa. A yi wa kowane yaro takardar haihuwa, a kai ta ofishin jakadanci a rubuta. Shago ya kasance da rajista. Ku kuma iyayenmu mata na kasuwa, duk wadda ɗanta ko ƴarta ke aure ko sana'a a can, idan an yi waya, bayan gaisuwa ki tambayi zancen takarda.

Magabata su ma da nasu. Muna kira ga ma'aikatar harkokin waje da ta sa maganar zaman iyalanmu a sahun gaba cikin duk tattaunawa da CEDEAO, a samu yarjejeniya rubutacciya wadda ɗan kasuwa zai iya dogara da ita. Ofisoshin jakadanci su fita daga manyan birane, su bi zango-zango tare da sarakunan zango da shugabannin ƴan Nijar mazauna ƙetare, su sauƙaƙa kuɗin takardu, su yi bayani da Hausa da Zabarmanci.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Wanda ya yi niyyar daɗewa a ƙasar mutane, ya nemi takardarsa tun ƙofa tana buɗe. Allah ya tsare mana ƴan uwanmu duk inda suke, ya sa albarka a nemansu.