Wai Ina Ruwan Kifi Da Launin Fata?

Mai karatu, in dai kana bin harkar finafinan ƙetare, to ba ka rasa jin hayaniyar da ke tashi duk lokacin da wani kamfani a Holiwud ya ɗauko tsohon fim ya sake shi, ya mayar da jarumin da aka sani fari ya koma baƙi, ko namiji ya koma mace. Nan da nan sai ihu ya kaure: an ɓata labari, an ci amanar marubuci, an rusa mana abin da muka tashi muna kallo! Abin takaicin shi ne har a cikinmu akwai 'yan amshin Shata, waɗanda ke maimaita wannan kuka ba tare da sun duba daga bakin da ya fito ba.

Ɗauki abin da ya faru da Halle Bailey. A 2019 kamfanin Disney ya ba da sanarwar cewa wannan baƙar yarinya, mawaƙiya, ita ce za ta fito a matsayin Ariel, wato 'yar ruwan nan rabi mutum rabi kifi, a sabon fim ɗin The Little Mermaid. Tun ba a ɗora kyamara ba aka yi mata ca a intanet, wai Ariel fara ce mai jan gashi, don haka aka zana ta a katun ɗin 1989. Haka aka yi ta yi har fim ɗin ya fito a 2023. Don Allah ka ji wani zance. Halittar da babu ita a duniya, mai wutsiyar kifi, mai hira da ƙaguwa, ita ce manya da gemunsu suka tsaya rantsuwa a kan launin fatarta.

Za su ce maka suna kare asalin labari ne. To wane asalin? Hans Christian Andersen, mutumin Danmak, shi ya rubuta tatsuniyar a 1837. Gaskiya ne ya siffanta yarinyar da shuɗin ido irin na Turawa. Amma kuma a wurinsa ba ta da suna ko kaɗan, mayya ta yanke mata harshe, ɗan sarkin ya auri wata, ita kuma ta faɗa teku jikinta ya narke ya zama kumfa. Disney ya zubar da duk wannan a 1989, ya raɗa mata suna, ya ɗaura mata aure da masoyinta, aka yi ta tafi. An sauya ƙarshen labari gaba ɗaya babu wanda ya yi tari, sai da aka taɓa fata aka tuna da haƙƙin marubuci. Wannan kishin adabi ne ko kuwa wani abu daban?

Laifi tudu ne. Shekara da shekaru Holiwud da takwarorinta na Ingila suna ɗaukar Bature su shafe shi da fenti su ce ga baƙi ko ga ɗan Asiya. A 1961 Mickey Rooney ya sa haƙoran ƙarya ya fito a matsayin ɗan Japan a Breakfast at Tiffany's, ya mayar da al'umma guda abin dariya. A 1965 Laurence Olivier ya shafa baƙi tun daga goshi har wuya ya fito a Othello, har aka sa sunansa cikin masu takarar kyautar Oscar. Kada ka ce wannan zamanin da ne. A 2016 an yi Gods of Egypt, labarin gumakan tsohuwar Masar, ƙasar Afirka, aka ba Turawa manyan gurabe, sai da daraktan da kamfanin suka fito suka ba da haƙuri tun kafin fim ɗin ya shiga sinima. A shekarar dai Tilda Swinton ta karɓi matsayin wani tsoho ɗan Tibet a Doctor Strange, a 2017 kuma Scarlett Johansson ta hau kan jarumar labarin Japan a Ghost in the Shell. 'Yan Asiya da wasu masu sharhi sun yi magana. Amma masu kukan Ariel fa, ina suka shiga a lokacin?

Na san abin da za ka ce: in wancan laifi ne, ai wannan ma laifi ne, duk kanwar ja ce. A'a. Idan mutane suna da gurasa casa'in da tara, aka ɗauki ɗaya aka miƙa wa maƙwabci, babu wanda zai kwana da yunwa. Amma in aka ƙwace ɗayar da ke hannun maƙwabcin aka ƙara wa masu casa'in da tara, an yi zalunci. Ɗan wasa Bature bai taɓa rasa fim ɗin da zai zama jarumi a cikinsa ba. Baƙi da ɗan Asiya kuwa sun daɗe suna fitowa a matsayin bara, direba ko ɗan daba.

Ma'aunin da ya kamata mai hankali ya riƙe guda ɗaya ne: shin launin jarumin nan, ko kasancewarsa namiji ko mace, shi ne ginshiƙin da labarin ya tsaya a kai? Othello baƙo ne a cikin Turawan Venice, ya auri 'yar babban gida, kuma ta wannan ƙofar maƙiyinsa ya shiga ya hallaka shi. Ka mayar da shi fari, gini ya rushe. Amma Ariel me take so? Ta bar ruwa ta hau tudu. Ko kore ce ita, labarin na nan daram.

Kuma an sha yin irin wannan sauyi ya yi kyau har mutane suka manta an yi. A littafin Stephen King na 1982, fursunan nan Red Bature ne mai jinin Ailan. A fim ɗin The Shawshank Redemption na 1994 Morgan Freeman aka ba, yau wa zai iya hasko wata fuskar a wurin? M, maigidan James Bond, namiji ne tun 1962, sai a GoldenEye na 1995 Judi Dench ta hau kujerar, ta riƙe ta har Skyfall na 2012. Ba a sama aka tsinto dabarar ba, don a 1992 mace ce, Stella Rimington, ta hau shugabancin hukumar leƙen asirin cikin gida ta Ingila. Kai da kake ma'abocin fim ɗin Indiya ma shaida ne. Ram Aur Shyam na Dilip Kumar, 1967, labarin tagwaye maza ne, ɗaya matsoraci ɗaya jarumi. A 1972 aka juya shi ya koma na mata a Seeta Aur Geeta, Hema Malini ta ci kyautar Filmfare da shi, a 1989 Sridevi ta sake a ChaalBaaz. Wa ya taɓa fita daga sinima yana cewa an ci amanar Dilip Kumar? Labarin ma ƙara zafi ya yi, domin wulaƙancin da marainiya ke sha a hannun dangi ya fi taɓa zuciya.

Ba ina wanke kamfanonin nan ba ne, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Disney ba don Allah yake yi ba, kasuwa yake nema. Ya fi masa sauƙi ya sake wa tsohon kaya fenti da ya zuba kuɗi a sabon labarin da baƙaƙe suka rubuta da kansu. Wannan lalaci ne, kuma ya cancanci suka. To amma wa ake zagi? Lokacin da aka sake Ghostbusters na 1984 da mata huɗu a 2016, Leslie Jones, baƙa ɗaya tilo a cikinsu, ita aka tasa a gaba a Twitter da hotunan goggon biri har ta bar dandalin na ɗan lokaci. Ba ita ta rubuta labarin ba, ba ita ta zuba jari ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa gane wannan magana. Da Alhaji Abubakar Imam ya zo rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai, ya sa wa mutanen ciki rawani da babbar riga, ya ba su harshe da tunanin Bahaushe, har yaro ya karanta ya rantse a garinsu abin ya faru. Ka gwada wannan da wankiyar da wasu 'yan fim ɗinmu suka riƙa yi wa finafinan Indiya, inda ake sauya suna kawai a bar saurayi da budurwa suna yin abin da babu gidan Bahaushen da ake yin sa. Dukkansu sun sauya ƙabilar jarumi. Ɗaya ya zauna ya yi aiki, ɗayan ya kwafa.

Saboda haka in ka ji an sake fim an sauya jarumi, ka bari ka kalla tukuna. Ka duba ko labarin ya tsaya da ƙafarsa, ko 'yar wasan ta iya, ko darakta ya san dalilin da ya sa ya yi sauyin. In fim ɗin ya lalace, ka soke shi son ranka, ga shafi nan a buɗe. Amma in tun daga ganin fosta ranka ya ɓaci don fuskar da ke jiki ta yi kama da ta ƙanwarka, to matsalar ba a fim ɗin take ba.