Wasiƙa Zuwa ga Masu Gyaran Ƙafar Mota a Anka, Gummi da Bukkuyum

  

Maganar alaimen, wato saitin ƙafar mota, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Duk wanda ya tsaya a tasha ya duƙa ya dubi ƙafafun Golf da Sharon masu lodin Gusau ta Mayanci zai ga abu guda: taya garau ta waje, amma gefenta na ciki ya cinye har waya ta leƙo. Direba ya ce tayoyin yanzu ba su da ƙwari, mai taya ya ce ai hanya ce. Duka suna da 'yar gaskiya. Sai dai babban kason laifin yana can ƙarƙashin mota, inda hannunku kaɗai ke kaiwa.

Ku yi lissafin nan tare da ni. Tsayin tayar Golf wajen santimita 60 ne. Idan bakinta ya kauce daga miƙaƙƙen layi da milimita 3 kacal, abin da ido ba ya gani, to a kowace kilomita ana jan ta a gicciye har mita 5. A tafiyar kilomita 100 an goga ta a kan kwalta rabin kilomita ke nan, ba birgima take yi ba, kankara take sha. Ku ninka wannan da sawun da direba ke yi a wata. Shi ya sa "na duba da ido, ta miƙe" ba magana ba ce a wannan aiki.

Ba kuma sai da na'urar kwamfuta ake samun daidai ba, kada a raina muku hankali. Masu tseren motoci a filin Silverstone na Ingila da Nürburgring na Jamus, da duk dukiyar da suke zubawa, har gobe da zare da ma'auni suke saita ƙafa a gefen fili. Suna ɗaure zare biyu a miƙe, hagu da dama, su auna daga zaren zuwa gaban rim da bayansa. Abin da suka fi mu ba kayan aiki ba ne. Suna tambayar kansu tukuna: wace hanya motar nan za ta bi, da wane nauyi? Mai motar gudu da zai shiga fili yakan kwantar da saman tayoyin gaba ciki, wato kamba, da digiri 2 zuwa 3, domin in ya sha kwana da gudu taya ta zauna daram a ƙasa. Yakan ɗan buɗe bakinsu waje don mota ta yi saurin amsa sitiyari. Ya san sarai da wannan saiti in ya hau titin gari gefen ciki zai cinye, mota kuma ta riƙa bin kowane zane na hanya, saboda haka wanda ke hawa titi da fili da mota guda yakan tsaya a tsakiya. Kafin su auna kuma sai sun ɗora nauyin direba a kujerarsa. Kamfanin BMW ma a littafin gyaran motocinsa da dama ya ce a aza kilo 68 a kowace kujerar gaba kafin a fara awo.

Wannan tambaya tasu ita nake so ta zauna muku. Ba na ce ku kwafi lambobinsu ba. Saurayi ya zo ya ce a kwantar masa da taya kamar yadda ya gani a waya, ku gaya masa gaskiya: a hanyar Daki Takwas wannan asarar taya ce. Tunaninsu za ku ɗauka. Golf ɗin da aka kawo muku wayam da safe, da azahar tana ɗauke da fasinja cike maƙil, but a buɗe an ɗaure buhunan gero da igiya. Baya ya zauna, gaba ya ɗaga, kusurwar kowace taya ta sauya. Ku saita ta a wofi yadda kamfani ya tsara, sannan ku sa yaran gareji su shiga, ko a aza buhu biyu uku, ku sake aunawa. In bambancin ya yi yawa, ku karkata saitin wajen yadda take yini, domin a haka take cin taya. Haka in an ƙara mata ƙarfin sifirin an ɗaga bayanta, kamar yadda masu lodin ƙauye ke yi, tsohon saiti ya tashi aiki.

Amma kafin zare, a girgiza ƙafa. Nan ne aka fi yin ha'inci, ko da ba da niyya ba. A ɗaga mota, a kama taya hagu da dama a jijjiga: in ta yi ƙwas-ƙwas, tayarod ya tafi. A kama sama da ƙasa: boljoyin ne ko boris. A sa ƙarfe a ɗan banƙare hannun ƙafa a ga ko bushin ya tsage. Motar da ta yi damina tana bin hanyar Bagega ko ƙauyukan Nasarawar Burkullu, cikin laka da kwazazzabai, da wuya a rasa ɗaya daga cikin waɗannan. Yi wa irin wannan ƙafa alaimen zuba ruwa ne a rariya: ramin farko da aka faɗa bayan an bar gareji, saitin ya watse, kuɗin direba ya tafi. In ya ce ba shi da kuɗin kaya yau, gara ku ce ya je ya dawo da ku karɓi kuɗin aikin da kun san ba zai kwana ba.

Tayar da kanta tana ba da labari. Ku shafa tafin hannu a gicciye a kanta. In kun ji kaifi ta gefe guda, santsi ta ɗaya gefen, bakin taya ne ya kauce. In gefe ɗaya ya cinye sumul, kamba ce. Gefe biyu sun cinye tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan. Tsakiya ta cinye, mai faci ya cika iska. In kuwa cin ya yi tudu da kwari, a duba shokabzoba. Motar da ke ja gefe guda, a fara da geji a daidaita iska, a musanya tayoyin gaba; sau da yawa jan yakan koma ɗaya hannun, a gane tayar gwanjo ce mai laifin.

Kada kuma a yi wa kowace mota kuɗin goro. Tsohuwar Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna da baya take turawa, don haka tana son a ɗan rufe bakin tayoyin gaba ciki. Golf 3 da gaba take ja, saitinta kusan a miƙe yake sak. Wanda ya koyi aiki a kan 504 ya ɗauko hannunsa ya sa wa Golf, shi ne ke cinye mata gefen waje. Hilux tana da kusoshin saiti a hannun ƙafa na ƙasa, a nan ake gyara kamba, in tsatsa ba ta kama su ba. Bayan Golf 3 kuwa ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu, ba shi da wurin murɗawa. In lodi ya lanƙwasa shi, duk abin da kuka yi a gaba mota za ta ci gaba da tafiya a karkace. Ku auna bayan tukuna, ku faɗa wa mai mota.

Abu biyu nake roƙon ku bari don Allah. Na farko, cire sitiyari a mayar da shi a tsaye don a ɓoye cewa tayarod ɗaya kaɗai aka murɗa. A kulle sitiyari a tsakiya, a raba murɗin hagu da dama. Na biyun ya fi ci mini rai: gasa tayarod da ya lanƙwashe a wuta a miƙe shi da guduma, ko a yi masa walda. Ƙarfen da ya sha wuta ya rasa ƙwarinsa, kuma ranar da zai karye ba ya sallama. Kun fi ni sanin halin da hanyoyinmu ke ciki a shekarun nan. Direba ba ya son magariba ta same shi tsakanin Anka da Gummi, saboda haka yana taka mota fiye da yadda ya kamata, mata da yara a ciki. Tayar da ta fashe ko ƙafar da ta cire a dajin nan ta wuce maganar asarar kuɗi.

Ga shugabannin ƙungiyarku ta NATA a waɗannan garuruwa uku kuma, ga shawara mai sauƙi. Yawancin garejinmu a kan turɓaya suke, ƙasa ba ta daidaita ba, kuma ba a auna kamba a kan gangara. Ku haɗa kuɗi a zuba daɓen siminti guda ɗaya a kowane gari, birkila ya daidaita shi da ma'aunin ruwa, kowa ya riƙa kawo mota nan. A sayi zare mai ƙarfi da tef mai nuna milimita, a koya wa yara rubuta awon kafin gyara da bayan gyara a ba direba a hannunsa.  Ku tayar da maganar a zamanku na gaba.

Allah ya tsare mu da ku a kan hanya. Wassalam.