Kangayen da Ke Gefen Hanyar Tsaunukan Sikotland

Da zarar watan Mayu ya kama, hanyoyin arewacin Sikotland sai su cika da motocin 'yan yawon buɗe ido, musamman manyan motocin nan masu gado da madafa a ciki. Kowa ya zo ganin tsaunuka da tafkuna da tsibiran bakin tekun Atlantika, wuraren da ake tallata su da cewa ba kowa, shiru kake ji. A ganina wannan rashin mutanen ne ya kamata matafiyi ya fi tsayawa a kai, domin ba haka ƙasar take tun asali ba. Korar mutanenta aka yi.

Yawanci daga Gilasgo ake tashi, a ɗauki hanyar A82, a bi gefen tafkin Lomond, a haura dajin Rannoch inda babu komai sai ciyawa da kududdufai, sannan a gangara kwarin Glencoe. Kyan wurin ba a magana. Duwatsu uku ne a jere kamar an dasa su, ruwa yana zubowa ta tsakaninsu, gajimare ya rufe musu kai. A cikin wannan kwarin ne, a watan Fabrairun 1692, sojojin gwamnati suka kashe mutum fiye da talatin na dangin MacDonald, bayan sun yi kusan mako biyu suna cin abincinsu suna kwana a ɗakunansu. Har gobe abin da ya fi ci wa mutanen yankin rai shi ne baƙi ne suka ci amanar masu masaukinsu.

Daga nan sai Fort William da dutsen Ben Nevis mai tsayin mita 1,345, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Birtaniya. A kan hanyar Mallaig akwai gadar jirgin ƙasa ta Glenfinnan, inda jama'a ke cincirindo don sun gan ta a fim ɗin Harry Potter. A Mallaig jirgin fito ke ɗaukar motoci zuwa tsibirin Skye, ko da yake tun 1995 akwai gada ta wani ɓangaren.

A Skye ɗin nake so mai tafiya ya kashe mota ya taka da ƙafa. A bakin tafkin Eishort akwai kufan ƙauyuka biyu, Boreraig da Suisnish. Kwalta ba ta kai can, sai an yi tafiyar ƙasa ta cikin laka da duwatsu. In ka isa za ka tarar da katangun dutse da suka rushe, ga ƙofar ɗaki a tsaye ba rufi, ciyawa ta cinye tsakar gida, teku kuma ga shi nan a ƙasa. A 1853 wakilan mai ƙasar, Lord Macdonald, suka fitar da mutanen daga gidajensu don a saki tumaki. Ba su kaɗai aka yi wa haka ba. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, masu filaye sun yi lissafi sun ga ulu da naman tumaki sun fi kuɗin hayar da talakawa ke biya, sai suka shiga kwashe mutane daga kwaruruka. A Strathnaver da ke yankin Sutherland, a 1814, har wuta aka cinna wa gidaje don kada masu su su dawo. Wasu aka tura su bakin teku inda ƙasa ba ta noma, wasu suka shiga jiragen ruwa zuwa Kanada da Ostiraliya, wasu suka ƙare a masana'antun Gilasgo. Koren filin da baƙo ke ɗauka a hoto yana yabawa, gonar wani ce a da.

Mutanen ba su zauna sun zuba ido ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin girmansu. A 1882 aka turo 'yan sanda daga Gilasgo zuwa Braes da ke Skye don kama manoman da suka ƙi biyan haya a kan rikicin makiyaya. Maza da mata suka tare su da sanduna da duwatsu. Shekara huɗu bayan haka, a 1886, majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta hana korar ƙananan manoma daga filayen da suke haya. A 1997 mazauna tsibirin Eigg suka tara kuɗi suka saye tsibirinsu ɗungurungum.

Yau matsin ya sake kama. Tun da aka ƙaddamar da hanyar yawon North Coast 500 a 2015, mai tsawon mil 516, baƙi suka ƙaru sosai. Ba na adawa da haka, don masu masauki da masu abinci da masu gidan mai da shi suke rufa wa kansu asiri. Amma gidaje da yawa sun koma na saukar baƙi, matashin da aka haifa a garin ya rasa ɗakin da zai kama in ya tashi aure. Hanyoyin kuma da dama mota ɗaya kawai suke ɗauka, an yi musu 'yan wuraren rakuɓewa nan da can don a ba juna hanya. Baƙo sai ya faka a ciki ya fita ɗaukar hoto, ko ya riƙa jan mota a hankali ya ƙi kaucewa, alhali wadda ke bayansa ma'aikaciyar jinya ce da ake jira a wani gida. Baƙo raɓa ne, in ji Bahaushe. Wanda zai kwana biyu ya wuce bai kamata ya tare wa mai gari hanya ba.

Wanda ke da hali ya ƙarasa tsibirin Harris da Lewis, ta jirgin fito daga Uig da ke Skye zuwa Tarbert. A can har yanzu ana jin harshen Gelik a shago da coci. Yadin ulun Harris Tweed kuwa, dokar 1993 ta ce ba ya amsa sunan sai ɗan tsibiran ne ya saƙa shi a gidansa, don haka kuɗin wanda ya saya daga hannun masaƙi yana zama a garin. Ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke saboda ibada, sai a sayi mai da guzuri tun Asabar, kada a je ana ƙorafi a ƙofar mutane. Musulmi kuma ya nemi masallacin Stornoway da aka buɗe a 2018, bayan wasu iyalan Siriya da yaƙi ya raba da gidajensu sun sami mafaka a tsibirin.