Filin Lafiyar Iyali: Haƙoran 'Yan Lakwal

Duk mai bi ta tashar motar Ajame da safe ya san yadda tirelolin alewa da cingam da biskit suke tare hanya, kuma da yawa cikin masu tallar 'yan uwanmu ne. Yaro ya karɓi dala biyar a gida, kafin ya isa lakwal ta zama alewa. Haka abin yake a Tireshbil.

To, ga abin da ke faruwa a bakinsa. Akwai wani danƙo fari-fari da ke taruwa a gindin haƙori kullum, cike da ƙwayoyin cuta. In suka sami sukari sai su mai da shi tsami, tsamin ya ci haƙori har ya yi kogo. In an bar danƙon ya daskare ya zama kantsa, buroshi ba ya fid da shi, sai likita.

Wasu iyaye kan ce ai haƙoran nono ne, za a yi famfara. A nan muka saɓa da su. Wajen shekara 6, lokacin da doka ta wajabta sa yaro lakwal a Kodibuwa tun 2015, turamen farko na dindindin suke fitowa can ƙurya, bayan na nono 20. Ba wanda ya faɗi kafin su fito, shi ya sa ba a lura. In suka ruɓe, ba wasu.

Koyarwar ba wuya. Sau biyu a rana, minti biyu, da man goge baki mai fulorayid, gwargwadon ƙwayar wake. Na dare ya fi muhimmanci, don miyau yana raguwa in ana barci. A bi gindin haƙora a hankali, ciki da waje, a tofar, kada a kurkure da ruwa. Ɗan shekara 6 hannunsa bai ƙware ba, sai babba ya tsaya a kansa.

Asuwaki fa? Sunna ce, yana kuma cire danƙon in an iya, amma yara kan goge na gaba kawai.

Muna roƙon malaman makarantun allo da na Islamiyya su riƙa duba bakin yara ran Asabar, kamar yadda ake duba farce. Wanda dasashinsa ke jini ko ya kumbura, a gaya wa iyayensa su kai shi wurin likitan haƙori.