FILIN IYALI: Karta Mai Hotuna, a Saya wa Yara ko a Ƙona?

Tambayar wannan wata ta fito ne daga wasu iyaye mata na Nkembo da Lalala, mun kuwa ga ya dace mu amsa ta a fili, tun da ba su kaɗai abin ya shafa ba. Cewa suka yi yaransu 'yan lise sun shigo gida da wata irin karta mai hotuna wadda Faransawa ke kira tarot, suna jera ta bisa tabarma suna ƙago labari da ita. Wasu iyayen sun ƙwace sun ƙona. Wasu kuwa sun lura cewa yaron da ba ya iya haɗa jimla biyu da Hausa, in kakarsa ta nuna masa hoto ta ce ya gaya mata abin da ya gani, sai ka ji bakinsa ya buɗe. Shi ne suke tambaya, a bari ko a hana? In kuma za a saya, wace iri ce ta dace da ɗan koyo?

To, kafin a yanke wa abu hukunci gara a san asalinsa. Karta ta shiga ƙasashen Turai ne wajen shekarun 1370, daga hannun Musulmin Masar na zamanin Mamluka. Har yanzu akwai irin tasu ajiye a gidan tarihi na Topkapi da ke Istambul, da danginta huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan folo. Babu hoton mutum ko ɗaya a kanta, sai ado da rubutu. Da yake Turawan wancan lokaci ba su san folo ba (da Katsinawa ne, da ba a sha wannan wahala ba), sai suka mai da sandar folo kulki. Wajen 1440 masu sarauta a arewacin Italiya, su Milan da Ferrara, suka ƙara wasu manyan katuna 22 masu hotuna, jimla ta zama 78. Wannan ita ce tarot, kuma an yi fiye da shekara 300 ana wasa da ita kamar yadda matasanmu ke buga Whot a bakin kasuwar Mont-Bouët.

Batun duba daga baya ya shigo. A 1781 wani limamin Kirista a Paris, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa wai hotunan asirin tsofaffin Misirawa ne. Ya faɗi haka ne shekara 41 kafin Champollion ya gano yadda ake karanta rubutun Fir'aunoni a 1822, wato shaci-faɗi ya yi. Amma maganar ta sami kasuwa, wani mai suna Etteilla ya kama sana'ar duba da ita, har ta kawo ga masu tallan "voyance" da muke gani a jaridu.

A nan fa ba mu da wata kwana-kwana. Duba duba ne, ko da ƙasa aka buga shi, ko da wuri, ko da takarda mai sheƙi daga Faransa. Malamanmu sun sha karanta mana hadisin da ke cikin Sahihu Muslim a kan wanda ya je wa ɗan duba da tambaya, da yadda yake asarar ladan sallar kwana 40. Uwar da ta ƙona kartar saboda tsoron wannan ba mu ga laifinta ba. Haka kuma akwai malaman da ba su yarda da karta ko hoto a cikin gida ba sam, wanda yake bin su sai ya tsaya a nan, sauran bayanin ba nasa ba ne. Abin da muke cewa kawai shi ne, yaron da ya dubi hoton mai jaki ya ƙaga masa suna da gari da bashin da ake bin sa, tatsuniya yake yi. Ranar da wani ya ce masa "wannan katin naka ne, ga abin da zai same ka", an fita daga tatsuniya, sai a tattara a rufe.

Ga wanda zai saya, kwali uku ne zai fi cin karo da su, dukkansu kuma an rubuta tarot a jiki, shi ya sa mutane ke kuskure.

Na farko shi ne na wasa, wanda Faransawa ke bugawa su huɗu, har suna da ƙungiyarsa ta ƙasa tun 1973. Alamominsa irin na kartar da muka saba ne, hotunan kuma 'yan ƙanana ne na Turawan da, rabi a sama rabi a kife. Ba ya ba da labari, ga shi kuma hanya ce mai sauƙi zuwa caca. Na biyu shi ne Tarot de Marseille, wanda kamfanin Grimaud ya sake bugawa a 1930 ya bazu a duk inda ake jin Faransanci. Shi ne masu duba suka fi riƙewa. Ɗauki bakwai na kofuna a cikinsa, kofi bakwai za ka gani a jere, shi ke nan. Yaro zai ƙirga su, amma ba zai sami abin faɗa ba.

Na uku shi ne wanda ya kawo wannan tambaya, ana kiran sa Rider-Waite, an fara buga shi a Landan a 1909. Ba za mu ɓoye ba, mutumin da ya tsara shi, Arthur Waite, ɗan ƙungiyar asiri ne, kuma don duba ya yi shi. Amma hannun da ya zana hotunan na wata mata ce, Pamela Colman Smith, wadda ta yi ƙuruciyarta a Jamaika. Can ta ji labaran Anansi daga bakin jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma, har ta buga littafinsu a 1899, ta kuma riƙa ba da su da baki a tarurruka a Landan. Anansi kuwa gizo-gizo ne mai wayo da haɗama, wato ɗan uwan Gizonmu na Ƙoƙi. Mai tatsuniya ce ta zana kartar, abin kuma ya nuna, domin kusan kowane ƙaramin kati ta sa masa mutane suna cikin wani hali. Ta rasu a 1951 cikin talauci, sunan mai bugawa da na mai tsarawa suka zauna a kwalin, nata ya daɗe bai hau ba.

Dubi shida na takubba. Mai fito ne yana tura kwalekwale da gora, a ciki ga wani an lulluɓe da mayafi, ga ƙaramin yaro a gefensa, sun ba mu baya suna fuskantar wata gaɓa. A gidan Bahaushen Gabon wannan hoto ba ya bukatar fassara. Akwai tsohon da kakansa ya ƙetaro kogin Ntem daga Kamaru ya sauka Bitam da kayan koli a ka, akwai wanda ya iso ta teku daga Kalaba da jaka ɗaya. Yara da yawa ba su taɓa jin wannan labari ba, domin ba wanda ya tambaya. Sa katin a gaban tsoho ka ce wa jikansa ya tambaye shi wane ne a cikin jirgin, sa'an nan ka koma gefe.

Bakwai na takubba kuwa Gizo ne sak: mutum yana sanɗa daga sansani rungume da takobi biyar, ya bar biyu a kafe, yana waiwaye. Me ya hana shi kwashe sauran? Wa zai ɗora wa laifin? Goma na sanduna ɗan dako ne ya rungumo itace ya sunkuya, gari na can gabansa. Shida na kuɗi attajiri ne riƙe da ma'auni yana ba mabarata biyu sadaka, wanda zai kai ku ga hirar zakka ba tare da wa'azi ba. Biyar na kuɗi kuwa wasu matalauta biyu ne cikin ƙanƙara, ɗaya da sandunan guragu, suna wuce taga mai haske. Sai dai a yi wa ɗan Libreville bayanin ƙanƙara tukuna.

Wani marubucin Italiya, Italo Calvino, ya fitar da littafi a 1973 a kan matafiya da suka kwana a wata fada bakinsu ya ɗauke, kowa ya riƙa jera karta don ya ba da labarinsa. Yaranmu ba bebaye ba ne, Faransanci na zuba a bakinsu kamar ruwan Nuwamba. Hausar ce ta ɗauke.

Shawararmu ga mai saye ita ce ya nemi a buɗe masa kwali, ko ya duba hoton baya, ya ga ƙananan katuna, ba manyan ba. In ya ga mutane a kan biyar da shida da bakwai, ya samu. Da ya isa gida ya cire ɗan littafin ma'anoni da ke ciki ya jefar, domin shi ne littafin duban. Ya ware manyan katunan nan 22 gaba ɗaya, akwai tsiraici a cikinsu, akwai Shaiɗan, akwai hoton mala'ika da tashin ƙiyama, ba abin da yaro zai yi da su. Cikin 56 da suka rage a cire takwas da tara da goma na takubba saboda ƙanana, musamman goman, inda mutum ke kwance takubba sun kafe a bayansa.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ko sunan tarot ba, akwai Dixit, wasan da wani likitan yara a Poitiers, Jean-Louis Roubira, ya fitar a 2008. Katuna 84 ne, hotuna zalla, babu rubutu, babu tarihin bokanci a bayansu. Aikin da ake nema za su yi shi daidai. Gidan da ke da yaro mai hannun zane kuwa, kwalin sukari da almakashi sun isa a yi Gizo da Ƙoƙi da Botorami da Dodo.

Yadda ake yi ba wuya. Bayan sallar isha'i a kife katunan, babba ya ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa. Kowa ya ja ɗaya ya ɗora labari daga inda na gabansa ya tsaya. Wanda kalmar Faransanci ta kuɓuce masa ba a yi masa dariya, sai kaka ta ba shi ta Hausa ya maimaita ya ci gaba. Kati biyar sun isa dare ɗaya, wanda ya ja na ƙarshe shi ne mai cewa ƙurunƙus.

Masu tambaya a kan kuɗin makarantar allo ta hutu, mun ga wasiƙunku, su ne na wata mai zuwa in Allah ya kai mu.